Kwano a Kan Bukkar Idi

Tun da ka ce gobe za ka je ka gyara wa surukinka gida ba tare da ya sa ka ba, don ka ba shi mamaki, to zauna ka ji wannan tukuna. A wani gari na bakin kogin Nilu, cikin mutanenmu da suka yada zango a hanyar Makka har zama ya kama su, an yi wani kafinta mai zuciyar kirki da gaggawar tsiya. Katanga ɗaya ce, gajeriya, tsakaninsa da wani tsohon Bayahude mai sayar da yadi. Shekarar da kafintan ya tare a unguwar, sai matarsa ta kwanta ciwo, tsohon nan ne ya je da ƙafarsa ya ɗauko likita, ya zauna a ƙofar gida har aka ce ta farfaɗo. Tun daga ranar kafinta yake neman hanyar rama alheri, abin ya tsaya masa a rai. Ana nan, wajen ƙarshen damina, ya leƙa ta katanga ya ga tsohon yana haɗa wata 'yar bukka a tsakar gida, ya jera ganyen dabino a samanta jefi-jefi, ko ɗan akuya ba za ta tsare wa ruwa ba. Sai ga shi yana jan gadonsa da teburin cin abinci zuwa ciki. Da ma kafinta ya ji cewa ɗan tsohon yana tafe daga wata ƙasa mai nisa da 'ya'yansa, jikokin da kakan bai taɓa sa wa ido ba. Nan take ya yanke hukunci shi kaɗai: wato dattijo ya bar wa baƙi ɗakuna, shi zai kwana a wannan kango, ga hadari yana haɗuwa! Ko tambaya bai yi ba. Yana da kwano sabo da ya daɗe yana tarawa don rufe ɗakinsa mai zuba. Da tsohon ya fita taryen baƙinsa, daga can kuma suka wuce wurin ibadarsu, sai gogan naka ya haura katanga da guduma. Ya kwashe ganyen dabinon ya watsar, ya buga kwanon nan tsaf, ƙusa kusa da ƙusa, ko allura ba za ta samu hanya ba. Ya koma gefe yana murmushi, yana jiran godiya.

Bayan faɗuwar rana suka shigo, tsohon yana riƙe da hannun ƙaramar jikarsa, yana ce mata yanzu zai nuna mata sama ta cikin ganye. Ya ɗaga kai, ya ga kwano. Wallahi sai ya sandare a wurin, bakinsa a buɗe, ɗan nasa kuwa ya dafe kai da hannu biyu. Murmushin kafinta ya bushe a fuskarsa. Da tsohon ya samu bakin magana, a hankali ya yi ta, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ce yau ne daren farko na Idin Bukkoki, wanda suke kira Sukkot. Kakanninsu da suka fito daga Masar tare da Annabi Musa sun yi shekara arba'in a hamada suna kwana a bukkoki, shi ya sa duk shekara mai gida yakan bar ɗakinsa na kwana bakwai, ya ci ya sha a bukka. Rufinta kuwa dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa, a bar shi sakwa-sakwa ana hango sama. “Maƙwabci,” in ji shi, “ɓular nan da ka toshe, ita ce idin. Da ita muke tuna cewa ba rufi ne yake tsare mutum ba, Allah ne.” Kafinta ya zabura ya ɗauki guduma zai ɓamɓare kwanon. Tsohon ya riƙe masa hannu, ya ce rana ta riga ta faɗi, idi ya shiga, ba a aiki a gidan nan, kuma ba ya sa wani ya yi masa. Haka ya tattara jikokinsa suka tafi bukkar wani suka ci abincin idin a matsayin baƙi, shi da ya shekara yana jiran ya zaunar da su a tasa.

Bai riƙe kafinta a zuciya ba, har tuwon idi ya aiko masa. Amma baƙi suka koma ƙasarsu, tsohon kuma bai ga idin baɗi ba. Ruwan da kafinta yake jin tsoro ya sauko a makon, bukkar da babu kowa a ciki ta kwana a bushe, shi da matarsa suka kwana suna tara ƙwarya a nasu ɗakin. Don haka kafin ka ɗauki guduma ka nufi gidan surukinka, ka fara tambayarsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.