Tabon da Ke Cikin Cibiya

Bari in ba ka misalin wata mata mai ɗinkin huluna, wadda ƙari ya fito mata a gefen mahaifa. Likitar da ta duba ta ta kwantar mata da hankali, ta ce ba sai an tsaga ciki ba. Ƙaramar kafa za a huda a cibiya, a zura siririn bututu mai kyamara, a cire ƙarin, washegari ta koma gida. Sai ta tambaye ta ko an taɓa yi mata aiki a ciki. Matar ta saci kallon mijinta da ke zaune riƙe da jakarta, ta ce a'a. Alhali tana yarinya tana da ƙaton cibi, yaran unguwa suka mai da ita abin waƙa, har aka kai ta asibiti aka gyara shi. Tabon ya shige cikin cibiyar ya ɓuya, ita ma ta binne zancen. Shekara ashirin da aure ba ta taɓa faɗa masa ba.

Ashe tsohon aikin nan ya sa hanji ya manne a bayan cibiyar. Ana zura bututun ya yanke shi. Allah ya sa likitar ta gani nan take, ta buɗe cikin ta ɗinke wurin, ta cire ƙarin. Kwana ɗaya ya zama tara. Da matar ta farfaɗo, likitar ta zauna a bakin gadonta ta gaya mata abin da ya faru, babu faɗa, ta ce da ta sani da ta gefen hagu za ta shiga, ƙasan haƙarƙari. Matar ta juya fuska bango tana hawaye, ba don zafin ɗinki ba. Mijin ya gama fifita kunun da ya kawo, ya matso da kujerarsa.

"Haba uwargida," ya ce. "Tun ina zuwa zance kakarki ta ba ni labarin cibin nan, har waƙar ta rera mini. Na ga ba kya so ne, na yi shiru."

Dariya ta kama ta, ta dafe ciki tana roƙonsa ya bari kada ɗinki ya warware. Kunya ado ce, amma ba a gaban mai magani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.