Tarar da Maigida Ya Bari

"Hajiya, ba za a sabunta takardun babur ɗin nan ba," in ji ma'aikacin ofishin lasisi. "Akwai tara a kansa."

Ban daɗe da fita takaba ba, a shekarar da kwanon gero ya gagari talaka. Babur ɗin marigayi shi ne abincinmu. Ƙaninsa zai yi acaɓa da shi, amma in babu takarda, babu hawa titin Ɗanbatta.

Na ce, "Malam, ranar jana'izarsa liman ya yi cigiya, babu wanda ya ce yana binsa. Me ya yi?"

"Goyon biyu. Aka tsayar da shi ya ƙi tsayawa, aka ɗauki lambarsa. Ranar kasuwa ce, daminar bara."

Na kwance bakin zanina, na zazzage kuɗin akuyar da na sayar don sayen taki.

"Baiwar Allah, ba za ki je ki yi shawara ba? Kuɗin fa da yawa."

Shawarar me? Ni ce a tsakiya a kan babur ɗin ranar, ungozoma ta tallafe ni ta baya, naƙuda ta ƙi, jini na bin ƙafata. Na ji busar usur, na ji maigida ya ƙara wuta.

Na juya wa ma'aikacin goyona, tana barci da ƙuli-ƙuli a hannunta.

"Buga hatiminka, Malam. Ban taɓa sayen abu da araha haka ba."