Iya Tabawa Ta Gaida Kakanni

Ranar da aka kawo madubin da ke nuna wa mutum kakanninsa shagon Sallau wanzami, Iya Tabawa ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta jawo ɗanta, Liman Ɗayyabu. Unguwa duka shi take jira ya ce halal ko haram.

"Murɗa, Sallau!" in ji ta.

Ya fara murɗa makunnin madubin, wanda iya murɗa shi iya nisan kakannin da za a gani. Ga mahaifiyar Iya a madubi! Iya ta rangaɗa guɗa, ta durƙusa. Kakanni suka yi ta wucewa, masu zane, masu warki, har aka zo kan wata mace mai tudun gira, tana jijjiga jariri.

"Iya, mu tafi," Liman ya ce. "Mu 'ya'yan Adamu ne, da ƙasa aka yi mu."

"Wa ya musa? Ita da me aka yi ta? Dubi yadda take bubbuga bayansa, haka na yi maka! Ubangiji ba ya gaggawa, Liman. Tuɓe takalmi ka gaida babba."

Liman ya tuɓe takalminsa a hankali. Sallau ya saci kallon makunnin. Ko rabi bai murɗa ba tukuna.