Kafinta da Shafin Cigiya

Kai da ka ce ka bar ƙungiyarku don an hana ka na ɗaya, zauna ka ji. A wani gari an yi masu kiwon tattabaru, su wajen talatin, ba don ciniki ba, sha'awa ce kawai ta haɗa su. Duk ƙarshen wata wani tsohon malamin makaranta yakan buga musu 'yar jarida, takarda guda, gaba da baya. A gaba labarin ƙyanƙyasa da maganin ƙwari. A baya cigiya: wanda tsuntsuwarsa ta ɓata ya faɗi launinta da zoben ƙafarta, wanda baƙuwa ta sauka gidansa ya duba ya mayar wa mai ita. Ba wanda ya ɗauki shafin bayan nan a bakin komai. Sai wata shekara aka sa gasa, aka ce tattabarar da ta fi kyau za a buga hotonta a gaba. Cikin masu kiwon akwai wani kafinta mai wata fara tas, da ɗigon baƙi a wuya kamar an ɗiga tawada. Shekara huɗu tana cin gero a tafin hannunsa. Bai ko yi shakka ba, tasa ce za ta ci. Da alƙalai suka gama dubawa, sai suka zaɓi ta wani tela, amininsa. Ta telan kuwa 'yar farar nan ce, kafintan da kansa ya kai masa ita tun gashinta bai gama fitowa ba. Tela ya zo yana dariya, ya ce, "Mai zarto, 'yarka ta ci, sai ka yi wa uwar barka." Kafinta bai yi dariya ba. Ya zaro fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya rubuta wa jaridar wasiƙa, ya ce alƙalan duk a shagon tela suke ɗinki. Malami ya roƙe shi ya janye. Ya ce a buga, ko harafi kada a cire. Aka buga. Wata na gaba amsa ta fito, ta fi tasa zafi. Wasiƙu suka cinye gaba, suka tsallaka baya, cigiya ta rasa wurin zama. Mutane suka rabu biyu, har gaisuwa ta yi wuya. Malami ya rufe keken rubutunsa, ya daina buga jaridar, ya ce shi ba don wannan ya ɗauko aikin ba.

Farkon damina iska ta taso da la'asar, tattabarun kafinta suna sama. Duk suka dawo ban da fara. Kafinta ya bi unguwa-unguwa, amma rabin gidajen masu kiwo ba shi da fuskar yin sallama a cikinsu. Ashe can bayan gari ta sauka, gidan wani direba sabon shiga, wanda bai san mai ita ba. Ya riƙe ta wata biyu yana jiran takarda ta fito. Da ya gaji, ya ba wani baƙo da zai yi nisa. Tela ne ya ji labarin. Ya zo ya tsaya a ƙofar shagon kafinta da keji a hannu, ya ce, "Da takarda na fita, da tuni ta kwana gida. Ga 'yarta, riƙe." Ya ajiye ya juya. Kafinta ya jawo kejin gabansa. Da sawu ya ɗauke, ya zuba gero a tafin hannu ya miƙa cikin keji. Tsuntsuwar ta ja baya, ta lafe a lungu. Ba ta san hannun ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.