Iya Tana Jiran Auta

Karo na shida ke nan Likita yake duba agogo cikin minti goma. Tun hantsi numfashin tsohuwar da ke ɗaki na huɗu ya canja: ya ja, ya tsaya, sai an fara kallon-kallo sannan ya dawo. Ya san wannan numfashin. Shekara ashirin yana jin irinsa a wannan sashe, inda ba a kawo mutum don ya warke, sai don ya tafi ba tare da azaba ba.

Cutar mantuwa ta cinye mata kusan komai. Ta manta sunan mijinta, ta manta hanyar banɗaki, tun makon jiya ta manta yadda ake haɗiya. Tambaya ɗaya ta rage a bakinta.

"Auta ya zo?"

"Yana hanya, Iya," in ji nas ɗin, wadda a ranar ta fara aiki a sashen.

Likita ya fita baranda ya sake buga waya. Auta ya ce motarsu ta maƙale bayan gada, tirela ta gitta hanya.

"Sauka ka hau babur," in ji Likita. "Ko da ƙafa ne, ka taho."

Ya koma ɗakin. Ya ɗauki takardar maganinta ya karanta abin da abokin aikinsa ya rubuta, ya ajiye, ya sake ɗauka. Bai ƙara komai ba, bai rage ba. Leɓunanta sun bushe har sun tsage. Ya tsoma auduga a ruwa ya sunkuya zai jiƙa mata.

Ta buɗe ido. Nan take ta takure jikin bango da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Wannan mutumin kuma! Ku fitar min da shi. Me yake nema a wurina?"

Ya ja da baya, ya miƙa wa nas audugar.

"Likita, da alama ba ka da farin jini a ɗakin nan," ta raɗa masa tana murmushi.

"Na saba."

Daga bakin ƙofa ya riƙa ba ta umarni. A juya ta gefen hagu, kwatangwalon dama ya taɓa karyewa. A rufe mata ƙafa, ba ta son a ga tafinta. A rage fankar. Nas ta ce a ranta ba ta taɓa ganin likita mai bin diddigi irin wannan ba.

Ya je ƙarshen baranda ya dawo. Ya zauna a benci, bai yi daƙiƙa goma ba ya miƙe. An zo kiransa daga ɗaki na bakwai, ya ce a nemi wani. Daga ciki yana jin numfashin: tsayawar tana ƙara tsawo.

Bayan azahar Auta ya shigo a guje, gumi sharkaf, jakar kayan aiki rataye a kafaɗa. Likita ya tare shi a ƙofa, ya riƙe masa hannu.

"Za ta tambaye ka ko ka ci abinci. Ka ce ka ci. In ta natsu, ka roƙi gafararta. Ka ce tafiyar nan ta shekara tara, da rashin zuwa jana'izar Baba, ta yafe."

Auta ya dube shi. "Likita..."

"Ka dai faɗa. Lokaci ya ƙure."

Da ganinsa fuskar tsohuwar ta saki. Ta lalubo kansa, ta shafa.

"Ɗan nema. Ka ci abinci?"

"Na ci, Iya."

Ya durƙusa a gefen gado ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Ta lumshe ido har nas ta matso ta duba ƙirjinta. Can sai leɓunan suka motsa.

"Shekara tara, ko wasiƙa... Ni da na goya ka." Ta ja numfashi. "Na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

A bayan labule, inda idonta ba zai kai ba, Likita ya dafa bango da hannu biyu.

Kafin la'asar numfashin ya tsaya bai dawo ba. Abokin aikin Likita ne ya zo ya tabbatar, ya rubuta lokaci, ya dafa kafaɗar Likita ya fita.

Nas ta share idonta, ta ɗauko takardar karɓar gawa da biro, ta rusuna a gaban Auta.

"Allah ya ba da haƙuri. Nan za ka sa hannu, wurin ɗan mamaciya."

Mutumin ya girgiza kai, ya gyara jakarsa.

"Ni mai gyaran fanka ne, 'yar'uwa. Bara aka kira ni gyara a ɗakin nan, ta kalle ni ta ce Auta, shi kuma ya roƙe ni in amsa." Ya nuna bayan labule. "Ga autan nata can."