Malam Abdulbaƙi Yana Rubutawa

"In aka sallame ka gobe, me za ka yi?"

Malam ne ya jefo tambayar. Tun da aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata a kamfanin shinkafar nan na Wudil Halliru ya kasa sukuni, shi ya sa ya zo wajen Malam Abdulbaƙi, masanin halayyar ɗan Adam da kamfanin ya ɗauka don kwantar wa ma'aikata hankali.

"Sai dai in koma ƙauyenmu Indabo noman rani, Malam."

"Tumatir ko albasa? Ana samun fili kusa da ruwa?"

Halliru na amsawa, Malam na rubutawa babu ɗagowa. Sai can Halliru ya farga, ashe da bakinsa yake shaida wa kamfani yana da wurin zuwa! Ai shi za a fara kora.

"Don Allah Malam, yaga takardar nan. 'Ya'yana shida, duk suna makaranta."

Malam Abdulbaƙi ya ɗago jajayen idanunsa.

"Kai ba ka ciki, Malam Halliru. Ni aka fara sallama, yau da safe. To ita albasar, a wane wata ake dasa ta?"