Kwaɗo a Kan Babbar Ganuwa

Wenhao ya waiwaya da ya ji muryar Gao Zhen, yayan budurwarsa Shulan, a bayansa. Bai daɗe da datse kwaɗo a sarƙar da masoya ke maƙala kwaɗo a kan Babbar Ganuwar ƙasar Sin ba, an zana sunansa da na Shulan a jiki. Sauran ma'aikatan da kamfani ya kawo yawon buɗe ido a matsayin tukuici sun yi gaba, saura su uku.

"Kai ɗan ƙauye, sunan ƙanwata nake gani?" in ji Gao Zhen. "Wata takwas da gama jami'a, ko ɗaki ba ka da shi a Beijing. Buɗe shi!"

Makullin yana hannun Shulan. Ta dubi yayanta, ta dubi Wenhao.

"Yaya, ka san in aka jefar da makullin, alkawari ya ƙullu, magana ta ƙare."

"Ki kuskura ki gani."

Ta wurga shi can cikin kwari.

Naushin farko ya fasa wa Wenhao baki, na biyu ya haɗa kansa da dutse. Gao Zhen ya shaƙe shi, ya danna shi a bakin ganuwa har Wenhao yana hango itatuwa a ƙasa. Shulan ta riƙo hannun yayanta tana ihu. Ya fizge da ƙarfi, ta tafi da baya, ta gangara kan matakalar har ƙasa.

Mutum huɗu suka sauko da ita daga ganuwar, ba ta motsi. Yanzu Wenhao da Gao Zhen suna zaune a benci ɗaya a ƙofar ɗakin tiyata, babu mai kallon wani. Likita bai fito ba tukuna.